Tambaya da Amsa: Ina son binciken ƙwayoyin cuta masu kisa, amma mahaifiyata ta ƙi

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a sakandare a Gusau. Burina in zama mai binciken ƙwayoyin cuta irin su Lassa da Ebola, amma Inna ta ce wannan kai kai ne ga halaka. Ta ina ake farawa, kuma haɗarin ya kai yadda take tsoro?

Amsa: Ɗana, tsoron Inna yana kan hanya, kada ka raina shi. Sai dai inda cutar ta fi kama ma'aikata shi ne ɗakin jinya, inda majinyaci ke zuwa da zazzaɓi ana zaton na cizon sauro ne. Haka Dakta Ameyo Adadevoh ta kamu da Ebola a Legas a 2014, wajen kula da mutumin da ya shigo da cutar daga Laberiya.

A ɗakin gwaje-gwaje kuwa, an san abin da ke cikin kwalbar. Safar hannu biyu ake sakawa, da riga mai rufe jiki duka, ana aiki cikin akwati mai zuƙe iska, kuma galibi sai an kashe ƙwayar da sinadari kafin a yi gwajin PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar cutar ta hanyar ƙwayoyin halittarta. Lokacin cire kayan ya fi haɗari: gumi ya jiƙe ka sharkaf, ka gaji, hannu na neman kaiwa fuska. Shi ya sa ake tsayar da wani yana kallonka, yana faɗa maka abin da za ka cire bi da bi.

Hanyar ba ɗaya ba ce. Kana iya shiga ta ilimin ƙananan halittu, ko likitanci, ko likitancin dabbobi. Farfesa Oyewale Tomori likitancin dabbobi ya karanta a ABU Zariya, daga baya ya ƙware kan bairos, wato ƙwayoyin cuta irin su Lassa da Ebola, a Ibadan. Ni wannan ƙofar nake so wa yaran yankinmu, domin Lassa, wadda aka gano a garin Lassa na jihar Borno a 1969, daga ɓera take zuwa, kuma wanda ya tashi kusa da rumbu ya san inda ɓera ke bi. Bayan digirin farko akwai na biyu da na uku, sannan neman horo a wurare irin su asibitin Irrua a jihar Edo, ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato.

Yanzu dai riƙe bayoloji da kemistiri da lissafi da kyau. Ka kuma zauna da Inna cikin ladabi, ka karanta mata wannan amsa, ka nemi albarkarta kafin ka cike fom ɗin JAMB.