Tambayi Likita: Minshari da Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci

Tambayoyin da suka taru a wannan makon yawancinsu a kan barci suke, don haka na haɗa su wuri guda. Kamar kullum, ban sa sunan kowa ba.

Likita, ni ba na minshari sai in mura ta kama ni, da ta sake ni shi ke nan. Akwai matsala? (Daga wani ɗalibi a Zariya)

Babu. Hanci ne ya toshe, numfashi ya koma ta baki. Ka sha ruwa sosai, ka ƙara matashi ɗaya. In mura ta wuce mako biyu ba ta tafi ba, ka je a duba ka.

Wani lokaci ina farkawa da dare in kasa motsi, in kasa magana, kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. An ce dannau ne. (Daga wata baiwar Allah a Gusau)

Malama, wannan ba ya kisa, kuma ba ya daɗewa. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa takan kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani sa'in hankali ya riga jiki farkawa, sai ki ji kina sane amma jiki ya ƙi. Ƙarancin barci, damuwa da kwanciya rigingine su ne ke yawan jawo shi. Ki yi addu'arki ta kwanciya, ki kwanta ta gefe, ki ajiye waya da wuri. Amma in ana gaya miki kina minshari mai ƙarfi, ko kina yini da gyangyaɗi, ki karanta amsar da ke biye, ki kuma ga likita.

Likita, maigidana direban tirela ne, shekarunsa 48, yana da jiki. Minsharinsa har maƙwabta na ji. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yakan yi shiru ɗif, numfashi ya tsaya, sai in taɓa shi ya zabura da wani irin gurnani kamar an shaƙe shi. Da safe ba ya tuna komai. Yana shan maganin hawan jini kala uku amma jinin ya ƙi sauka. Surukata ta ce gajiya ce da ƙoshi, haka mahaifinsa ma yake. (Daga wata uwargida a Funtuwa)

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a duk cikin na yau. Abin da kika kwatanta ya yi kama sosai da cutar ɗaukewar numfashi cikin barci. Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, amma da a gabana kuke, ba zan bar ku ku tafi ba sai na tura shi gwaji.

Ga abin da ke faruwa. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da harshe sukan saki. Ga yawancin mutane hanyar iska ba ta rufewa. Ga mai kitse a wuya, ko mai babban harshe, ko mai gajeriyar haɓa, hanyar takan ƙuntata, iska na wucewa da ƙyar tana kaɗa naman, wannan ƙarar ita ce minshari. In abin ya yi tsanani sai hanyar ta manne gaba ɗaya, kamar tiyo mai laushi da aka zuƙa da ƙarfi. Ki lura da kyau a daren yau: lokacin da ya yi shirun nan za ki ga ƙirjinsa da cikinsa suna ta ƙoƙarin jan iska, amma ba abin da ke shiga. Iskar oksijin da ke cikin jini, wadda ya kamata ta tsaya a kashi 95 ko sama, sai ta yi ta sauka, wani har ƙasa da 80. Nan ne ƙwaƙwalwa ke tashinsa da ƙarfi, ya yi gurnanin da kike ji, ya ja numfashi, ya koma barci ba tare da ya sani ba. Mu a asibiti muna ƙirga tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Daga sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya mai sauƙi ce, 15 zuwa 29 matsakaiciya, 30 ko fiye mai tsanani. Mai tsanani in ya kwanta awa bakwai, kin ga an tashe shi fiye da sau 200 ke nan. Shi ya sa yake tashi da ciwon kai, baki a bushe, jiki a mace, ga saurin fushi da mantuwa.

Batun hawan jinin nan shi ne ya fi jan hankalina. Jinin mai lafiya yakan sauka da dare, zuciya ta huta. Shi kuwa duk zaburar da ya yi, jiki na sakin sinadarin firgici, zuciya ta buga da sauri, jini ya hau. Dare bayan dare, shekara da shekaru, sai hawan jinin ya zauna har da rana. Duk wanda ke shan magani kala uku jini bai sauka ba, wannan cuta na cikin abubuwan farko da muke zargi. Tana da hannu a shanyewar ɓarin jiki, rikicewar bugun zuciya, gazawar zuciya da ciwon suga. Tana sa yawan tashi fitsari da dare, wanda maza da yawa ke ɗauka matsalar mafitsara ce. Tana kuma rage ƙarfin namiji, abin da ke kai mutane wajen masu maganin maza a tasha maimakon asibiti.

Ga kuma sana'arsa. Masu wannan cuta haɗarin mota ya fi samunsu ninki biyu ko fiye. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa, in direba ya rufe ido na daƙiƙa uku kacal, ta ci kusan mita 67 ba mai riƙe da ita. Tirela ce fa, Hajiya, da kaya a bayanta, a hanyar da ke ratsa kasuwanni. Ki tambaye shi cikin hikima, ba gaban mutane ba: ya taɓa farkawa ya ga motar ta bar hannunta? Na san abin da direbobi ke yi, goro, Nescafe mai kauri, wasu har tiramol. Goro da kofi suna ɓoye barcin ne na ɗan lokaci, suna kuma ƙara hawan jinin. Tiramol kuwa yana danne numfashi, ga farfaɗiya da yake jawowa. Har zuwa lokacin da za a duba shi, ya daina tuƙin dare, in barci ya zo ya faka ya kwanta, ko mai kaya zai yi faɗa.

Maganar surukarki, a gaishe ta, amma ba haka ba ne. Mun saba ɗaukar minshari alamar barci mai daɗi, har a ce wane ya samu duniya, wuya ya yi kauri. Cewa mahaifinsa ma haka yake ba ta kwantar mini da hankali ba, domin siffar wuya da haɓa ana gadonsu. Da zan so in ji me ya yi ajalin mahaifin, in ya rasu. Kuma cutar ba baƙuwa ba ce: wani ƙiyasi da aka wallafa a 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da ita a duniya, akasarinsu ba su sani ba.

Abin da za ki yi: ki ɗauke shi bidiyo da waya na minti biyu ko uku yana barci, yadda za a ji shirun da zaburar. Ki nuna masa, domin maza ba sa yarda sai sun gani, sannan ku nuna wa likita. Ki ari tef ɗin tela ki auna wuyansa. In ya kai santimita 43 ga namiji, ko 40 ga mace, alama ce. Ku je babban asibiti, ku nemi likitan huhu ko na kunne, hanci da maƙogwaro. Daga Funtuwa, asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ya fi muku kusa. Gwajin barci ba ko'ina ake yinsa ba, su za su faɗa muku inda za a samu. Kada ya daina maganin hawan jininsa. Ya riƙa kwanciya ta gefe. Wasu sukan ɗinka aljihu a bayan rigar barci su sa ƙaramar ƙwallo don kada su juya rigingine. Ya rage ƙiba: sauke kashi 10 cikin 100 na nauyi yakan rage tsayawar numfashin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tuwon ƙarfe goma na dare da lemon kwalba su ne wurin farawa. In an tashi yi masa wata tiyata, ko ta ƙaba ce, ya gaya wa mai ba da maganin barci cewa numfashinsa na tsayawa. Kuma in ya ji ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, asibiti nan take, ba sai gari ya waye ba.

Ɗana mai shekara 5 yana minshari, baki buɗe yake barci, yana fitsarin kwance, ba ya ƙiba. Kakarsa ta ce beli ne, a kira wanzami. (Daga wani magidanci a Haɗeja)

Malam, don girman Allah kada ka bari a sa wa yaron nan ƙarfe a maƙogwaro. Na gaji da ganin abin da ke biyo bayan cire beli. A kawo yaro cikin dare jini na zuba ta baki, ya yi fari fat, a shiga neman mai ba da jini. Wani jinin ya gangara huhu. Wani bayan mako guda haƙora su sarƙe saboda tetanus. Wani kuma sai bayan shekaru a gano ciwon hanta, daga askar da aka yi wa yara biyar aiki da ita a safiya ɗaya. Duk wannan a kan abin da ba shi ne ya jawo matsalar ba! Beli halitta ce, kowa da nasa.

Ga yara masu shekarun ɗanka, abin da ya fi toshe hanyar iska shi ne tansil, tsokokin nan biyu na gefen maƙogwaro, da wata tsoka da ke ɓoye a bayan hanci, adinoyid, wadda wanzami ba ya ma iya ganinta. In suka kumbura yaro ba ya samun barci mai nauyi, kuma a cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi sakin sinadarin girma. Shi ya sa ba ya ƙiba. Fitsarin kwancen ma yana iya zama daga nan, don haka a daina dukansa. Yara ba sa nuna gyangyaɗi kamar manya. Su rigima, ƙiriniya da rashin fahimtar karatu suke nunawa, sai a ce yaro ba ya ji.

Ka kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Wasu maganin fesawa a hanci ya ishe su, wasu sai an cire tsokokin a ɗakin tiyata, kuma yawancinsu suna samun sauƙi sosai. In yaron sikila ne, kada ka jinkirta ko kaɗan, domin saukar oksijin da dare ya fi yi musu illa. Ita kuma kaka, ka tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta, ya fi ka tsaya gardama da ita a gida.

Ina minshari kuma ina yawan farkawa, sai mai kemis ya ba ni maganin barci, Valium. Ko in ci gaba? (Daga Maiduguri)

A'a. Wanda ake zargin numfashinsa na tsayawa, ka ba shi maganin da zai ƙara sakin naman maƙogwaro, ya kuma hana ƙwaƙwalwa tashinsa? Farkawar nan da kake kuka da ita, ita ce ke ceton ka. Haka kodin, haka giya. In ka daɗe kana shan Valium kullum kada ka yanke shi dare ɗaya, ka je likita ya rage maka a hankali. Shi kuma mai kemis ba hurumin sa ba ne ya ba da wannan magani ba takardar likita.

Likita, an ce in ɗiga man habbatus sauda ko man zaitun a hanci kafin kwanciya.

Kada ka ɗiga mai a hanci, yana iya silalewa huhu ya kumbura shi. Toshewar ma a maƙogwaro take, man ba ya buɗe ta.

Ina da ciki wata bakwai, mijina ya ce na fara minshari, da ba na yi. (Daga Maraɗi)

Ciki kan kumbura cikin hanci, kuma sau da yawa yana wucewa bayan haihuwa. Amma sabon minshari ga mai ciki yakan zo tare da hawan jini, don haka ki faɗa a wurin awo, a riƙa auna jininki da fitsarinki. In kika ji ciwon kai mai tsanani, ko ido na yin dishi-dishi, ko fuska da hannu suka kumbura, asibiti ranar nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

An gwada ni, an ce in sayi na'urar CPAP. Ga tsada, ga rashin wuta. Kuma an ce in na fara ba zan iya numfashi ba sai da ita. (Daga wani ɗan kasuwa a Kano)

Alhaji, wannan maganar ta ƙarshe ba gaskiya ba ce. Na'urar ba ta yi maka numfashi, iskar ɗaki take hurawa a hankali ta abin rufe hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Daren da ba ka sa ba, za ka koma yadda kake a da, ba fiye ba. Wani likita a Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da ita a 1981, kuma har yau ita ce maganin da ya fi aiki ga masu cutar mai tsanani. Ba ta cin wuta sosai, ƙaramin batir da inbata ko sola na iya riƙe ta har safe, musamman in ka kashe abin ɗumama ruwan da ke jikinta. Makonnin farko akwai takura, hanci ya bushe, roba ta matsa. Ka koma a canza maka girman abin hancin maimakon ka jefa ta ƙarƙashin gado. In ta hannu za ka saya, ka sa sabon tiyo da sabon abin hanci, ka kai wa likitan da ya gwada ka ya saita maka ƙarfin iskar.