Na sa dattijo ya sake aikinsa a gaban kyamara, shin na yi ha'inci?

Tambaya: Malam, ina haɗa dokumentarina na farko. Rana ta faɗi kafin in gama ɗaukar wani dattijo yana sana'arsa, washegari na roƙe shi ya sake. Abokan aikina sun ce na yi ha'inci, wai fim ɗin gaskiya ba a tsara shi. Hankalina ya tashi. In cire wurin ne?

Amsa: Kada ka cire, ɗan'uwa. Muddin abin da ya saba yi ne, ba ka ƙirƙira masa wani sabo ba, ba ka yi laifi ba. A Night Mail, fim ɗin da aka yi a Ingila a 1936, taragon da ma'aikatan gidan waya ke rarraba wasiƙu a ciki gina shi aka yi a sutudiyo, ma'aikatan ainihi suka shiga suka yi aikinsu. Shi kansa John Grierson, da ya yaɗa kalmar dokumentari tun 1926, bai taɓa ɗaukar aikin a matsayin kafa kyamara a tafi ba.

Inda aka ƙetare iyaka shi ne Nanook of the North na Robert Flaherty, 1922. Mutumin da aka nuna a fim ɗin, ɗan ƙabilar Inuit, sunansa Allakariallak, bindiga yake farauta da ita, amma aka sa shi ya riƙe mashi don Turawa su ga "mutanen da". Wannan sauya rayuwar mutum ne, ba maimaita ta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tunanin da ke bayan maganar abokanka, wato wai kyamara ba ta ƙarya, in dai ba a tsara ba to gaskiya ce. Kullum sai na ci karo da wannan, har daga bakin masu kiran kansu daraktoci, kuma na gaji. Triumph of the Will na Leni Riefenstahl, 1935, taron 'yan Nazi ne na ainihi a Nuremberg, mutanen ainihi, Hitler na ainihi. Duk da haka farfaganda ce tsantsa. Ta ina? Ta inda aka aje kyamara, da wanda aka ɗauko daga ƙasa don ya yi kwarjini, da abin da aka bari a waje. A teburin editin ake yin mafi yawan ƙarya, da hotunan da ba a taɓa su ba. A yanke rabin jimlar mutum, a liƙa kukan wata ranar a kan maganar wata ranar, a ɗora murya mai nauyi, shi ke nan jama'a sun rantse sun gani da idonsu. Ko da ƙananan kyamarori masu ɗaukar sauti suka zo wajen 1960, aka bi John F. Kennedy, mai neman takarar shugabancin Amurka, yawon kamfe a fim ɗin Primary, wani ne ya zauna ya zaɓi abin da za a nuna.

Kishiyar haka ma ta faru. Errol Morris ya sa 'yan wasa sun kwaikwayi kisan wani ɗan sanda a fim ɗinsa The Thin Blue Line, 1988, don ya nuna shaidu sun saɓa wa juna. A 1989 aka saki Randall Adams, wanda aka ɗaure kan wannan kisan da bai yi ba.

Saboda haka koma kan fim ɗinka ka duba. Dattijon ya san abin da za ka yi da hoton? In ya kalla zai ce haka yake aikinsa? In kana tsoron mai kallo zai zaci a rana guda aka ɗauka, rubuta a ƙasan allo cewa an maimaita.