Me ya sa furen rawaya ya fito baƙi a tsohon hoton gilashi?

Ka tambayi dalilin da furanni masu rawaya da ja suka fito baƙi ƙirin a tsoffin hotunan gidajen tarihi. Ba lalacewa hoton ya yi ba, ɗan'uwa. Maganin kolodiyon da Frederick Scott Archer ya fito da shi a 1851, wanda ake shafawa a gilashi, hasken shuɗi kawai yake kamawa. Shuɗin fure sai ya fito fari fat, rawaya kuwa ta duhunce. Haka zanen fenti ma ya sha wahala idan aka ɗauki hotonsa.

Duba furannin Adolphe Braun na Faransa, wajen 1855. Mai zanen yadi ne, don masu atamfar zamaninsa ya ɗauke su. Kuma gilashin na jiƙe ake ɗauka, a wanke kafin ya bushe.