Dokin da ya ƙi rabuwa da 'yan'uwansa

Ɗan'uwa, ka ce dokinka yana turjewa yana haniniya da an raba shi da sauran, kuma ba ya jin linzami. Ajiye sirdin nan tukuna, bulala ma haka. Tsoro ne ke damunsa, doki dabbar garke ne.

Na sha irin wannan da wani akawal a Aboabo, nan Kumasi. Ragama da doguwar igiya kawai na sa masa. Ka tsaya ta wajen kafaɗarsa, ka ja igiyar a hankali. Da ya ɗaga ƙafa ɗaya, sake masa nan take. Sakin nan shi ne karatun, kuma nan ne yawancinmu muke makara. Koya masa ja da baya, da kauce maka idan ka matso. Kada ka bari ya ture ka da ƙirji ko sau ɗaya.

Sannan nisantar da shi daga barga kaɗan-kaɗan, yau bakin ƙofa, gobe bayan katanga. Can za ka ba shi dusarsa, ka mai da shi kafin hankalinsa ya tashi. Ranar da nawa ya sunkuyar da kai yana lasar leɓe, na ji daɗi har raina.

Hawan Sallar bana dai ka haƙura da shi.