Amsoshin Tambayoyinku: Makero, Gyaɗa Mai Fumfuna da Maganin Kan Hanya

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce ana sayar musu da taƙaitaccen littafin ilimin halittu a bakin makaranta, ya duba ya ga an sa naman kaza cikin tsirrai. Ya saya?

Riƙe kuɗinka, ɗana. Tun 1969 Robert Whittaker ya raba masu rai gida biyar, ya ware wa dangin fumfuna gidansu. Naman kaza, yis da fumfunar burodi ba sa haɗa abinci da hasken rana kamar tsiro. Narkar da abin da suka zauna a kai suke yi su tsotse, su yaɗu ta ƙurar iri. Furotista kuma gida ne daban, galibi ƙwayar halitta ɗaya: amiba mai miƙa jiki ta ja, faramisiyum mai iyo da ƙananan gasu, yugilina mai bulala, sai filasmodiyum na zazzaɓin cizon sauro. Nemi cikakken littafi ko da na hannu ne.

Wani daga Maraɗi na tambaya wane kafso ne zai sha sau ɗaya ya kashe masa zazzaɓi, ƙyasbi da atini gaba ɗaya.

Babu shi, kuma ka daina nema. Ƙyasbi fumfuna ce, zazzaɓin sauro furotista ne, atini kuwa wani na amiba ne wani na bakteriya. Ampiclox ɗin da kuke haɗiya kamar gyaɗa ba ya taɓa biyun farko. Je a gwada jininka kafin ka zaro ko sisi.

Wata uwa daga Katsina ta ce makero ya ci kan ɗanta, ta shafa man da mai kemis ya ce yana maganin komai, ya lafa, ya dawo ya fi da.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, makero fumfuna ce ke kawo shi, yana warkewa kuma ba sakacinki ba ne. Irin wannan man yakan zo da sinadarin kashe ƙaiƙayi, Betamethasone ko Clobetasol, mai ɓoye ciwon yana ƙara wa fumfunar ƙarfi. Makeron jiki, man Clotrimazole zalla ya isa. Na kai kuwa yana cikin gashi, sai maganin sha irin Griseofulvin na makonni shida zuwa takwas, likita ya auna masa. Duba lambar NAFDAC, ki ware masa mataji da hula, ki tafi da askarsa wajen wanzami.

Wata mai ƙuli-ƙuli daga Gusau ta ce ana ba ta gyaɗa da rangwame sosai saboda ta ɗan yi baƙi-baƙi. Tun da soyawa za ta yi, ai wuta za ta kashe komai?

Hajiya, nan zan tsaya, don wannan tambayar ita ke hana ni barci. Wuta tana kashe fumfunar, amma gubar da ta riga ta zuba, afalatoksin, tana nan bayan suya, tana nan bayan tafasa. Fumfunar nan tana son gyaɗa da masara da aka zuba a buhu ba su gama bushewa ba, ko waɗanda ƙwari suka huda. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da gyaɗar Burazil, daga nan aka gano gubar. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya saboda gurɓatacciyar masara. Wannan na masu ci da yawa lokaci guda ne. Abin da ya fi yawa a wurinmu shi ne ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, hanta na lalacewa a ɓoye har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Yara kuma tana tauye musu girma.

Su wa ke cin ƙuli-ƙulinki? 'Yan makaranta da almajirai. Ribar tiya biyu ba ta kai hantar yaro ɗaya ba. Araha ba ta ado. Kuma kada ki ce za ki zuba wa kaji ko saniya, gubar tana bi ta cikin madarar saniya ta dawo ƙwaryar furarki.

In za ki saya, tura hannu har tsakiyar buhu, kar ki yarda da na sama. Ki shinshina, ki fasa 'yan ƙwayoyi. Mai warin damshi, mai ɗaci, yamutsattsiya ko mai kore-kore, bar masa kayansa. Tsince gyaɗa da hannu kafin niƙa yana rage gubar ƙwarai. Manoma kuma su shanya a kan tabarma ko tamfol, su ɗora buhu kan katako. Akwai Aflasafe, maganin rage gubar afalatoksin tun daga gona, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona makonni biyu zuwa uku kafin fure.

Mai fanke daga Kumasi na kukan ƙullinta ba ya tashi.

Yis rai gare shi, zafi da damshi na kashe shi. Sayi ƙaramin ƙunshi rufaffe, ki guji na awo da ya kwana a rana. Zuba kaɗan a ruwa mai ɗumi da sukari, in minti goma ta wuce bai yi kumfa ba, mayar wa mai shago.