Da me ake gane ƙwararriyar mai gyaran aure?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida da aurenmu, rigima ta ƙi ƙarewa tsakanina da maigida. Ƙawata ta haɗa ni da wata mai gyaran aure da ke talla a WhatsApp. Yaya zan gane ko ta san aikin? Daga wata baiwar Allah, Hotoro, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya daidaita tsakaninku. Ki fara tambayarta inda ta yi karatu, da wanda ya duba aikinta kafin ta fara karɓar mutane. Karatun ba da shawara ana yin sa a jami'o'i, har da Jami'ar Bayero, amma takarda kaɗai ba ta isa ba. A Amurka, ƙungiyar masu wannan sana'a, AAMFT, ta fitar da ma'auni a 2004 mai ɗauke da ƙwarewa 128, kuma ba a ba da lasisi sai mutum ya daɗe yana zama da iyalai a ƙarƙashin wani babba.

Zaman farko ma zai nuna miki. Ƙwararriya za ta faɗa miki kuɗinta da tsawon zama, yawanci kusan awa ɗaya, da iyakar sirrin da za ta riƙe. Sannan ta gana da kowannenku shi kaɗai kafin ta haɗa ku. Nan ne da yawa suke tuntuɓe. Idan akwai duka ko barazana a gidan, haɗa miji da mata ɗaki ɗaya haɗari ne: matar za ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, ta ce "ba komai", ko kuma ta faɗi gaskiya ta sha wuya da daddare. A irin wannan hali tsaron lafiyarta ake sa wa gaba, sulhu ya biyo baya.

Dole kuma ta san inda iyawarta ta tsaya. Baƙin ciki bayan haihuwa, shaye-shaye ko maganar kashe kai aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano. Saki da ciyarwa kuwa na malamai ne da kotu. Kuma mai gyaran aure ba ta maye gurbin wakilan dangi biyu da aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ambata.

Wadda ta yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, ko take wallafa hirar mutane a shafinta, ko ta haɗa shawara da tallan kayan mata, ki nesance ta tun kafin ki tura mata ko sisi.