Zuwa ga Nura, a kan ƙararrawar keke da hanyar bakin kanal

Assalamu alaikum Nura. Saƙonka ya same ni bayan la'asar, na karanta shi sau biyu, na biyun da tabarau. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Yatsun nan ba sa sauri a kan waya, sai da na jira Hauwa ta dawo daga makaranta ta buɗe mini kwamfuta.

Ka ce kullum da safe kana hawa keke daga Selly Oak zuwa cikin garin Birmingham ta bakin kanal. Ranar Litinin ka kaɗa wa wani dattijo mai kare ƙararrawa, ya juyo ya wanke ka tas. Washegari ka ce to bari in kama kaina, ka wuce wata mata shiru, ita kuma ta bi ka da faɗa wai ko kekenka ba shi da ƙararrawa ne. Shi ne kake tambaya: Kawu, mece ce al'adar mutanen nan, a kaɗa ko kada a kaɗa? Ko kuwa baƙar fatata ce ba sa son gani?

Bari in fara da ta ƙarshen, don na ga ita ce ta tsaya maka a rai. Ban ce babu masu ƙyamar baƙar fata a can ba. Na zauna da su, na ji da kunnena abin da ba zan rubuta maka ba. Amma wannan rigimar ta keke, Turawan su ya su suke yin ta tun kafin ka sami biza, kuma dattijon nan ya ji ƙararrawarka kafin ya ga fuskarka. Akwai abu ɗaya da ba ka faɗa mini ba a duk tsawon saƙonka, wato irin gudun da kake yi. Ni kuwa na san ka tun kana rarrafe, ko aiken kanti aka yi maka a guje kake zuwa. Ina ganin sau biyun nan laifi ɗaya ka yi, kuma ba na ƙararrawa ba ne.

Ka san wa aka yi wa hanyar nan da kake bi? Doki. Kanal ɗin da ya ratsa ta gefen jami'arku ya tashi ne daga Gas Street a tsakiyar gari ya tafi har Worcester, kimanin mil 30, an kuwa gama haƙa shi a 1815. Kada ka ɗauke shi irin kanal ɗinmu na Kadawa da ke kai ruwan Tiga gonakin shinkafa da tumatir. Nasu hanyar dako ce. Jirgi siriri mai faɗin ƙafa 7, a loda masa kwal ko ƙarfe tan ashirin da wani abu, a ɗaura doguwar igiya, doki ɗaya ya ja shi daga bakin gaɓa, mutum ɗaya na bin dokin a baya. Faɗin turbar ke nan: doki da mai kora shi. Kwanar da take yi a ƙarƙashin gada, inda ba ka ganin mai tahowa sai kun yi kiciɓis, an yanka ta ne daidai da takun dabbar da ke jan kaya. Ko yau jiragen da ke da inji ba a yarda su wuce mil 4 a awa ba, saurin mutum mai hanzari a ƙafa ke nan. Kai kuwa ka shigo da mil 15.

Da na zo karatu a 1978, shekarar da aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta jami'ar, babu wannan rigima, don babu mutane. Taɓo ne da fasassun kwalabe da bayan masana'antun da suka mutu. Sai dai ka ga mai fatsa ɗaya ya ƙudundune cikin kwat tun safe, ko kallo ba ka ishe shi ba. Daga baya aka share, aka daɓe hanyar ta yi sumul, aka ce wa jama'a ku zo. Suka kuwa zo: mai zuwa aiki a keke, mai gudun motsa jiki, uwa da keken jariri, tsoho da kare, masu zama a cikin jiragen da suka mayar gida. An gyara ƙasan hanyar, amma a yawancin wurare ba a ƙara mata faɗi ba, don ruwa ne a gefe ɗaya, katanga ko shinge a ɗayan. Tushen faɗan ke nan. Irin na burtali ne da gonaki suka matse.

Dokar kuwa ba ta da wani lauje cikin naɗi. Ƙungiyar Canal & River Trust, wadda ta karɓi ragamar kanal-kanal na Ingila da Wales a 2012, wajen mil 2,000, ta ce mai tafiya a ƙafa shi ke da fifiko a wannan hanya, mai keke ya rage gudu. A zamanin hukumar da ta gada, British Waterways, har takardar izini ake nema kafin a hau keke a can. A Janairun 2022 kuma aka sabunta kundin ƙa'idojin hanya na Birtaniya, aka rubuta cewa wanda ya fi iya jawo wa wani rauni shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa: mai babbar mota a kan mai ƙarama, mai mota a kan mai keke, mai keke a kan mai ƙafa. A kan titi kai ne abin tausayi. Da ka gangaro bakin ruwa ka zama kai ne direban tirela.

To amma ai ba sai Bature ya gaya maka wannan ba, shi ya sa na yi dariya da ka ce al'adar mutanen nan. Kun karanta a Islamiyya, yana cikin Bukhari da Muslim: mahayi shi ke yi wa mai tafiya a ƙafa sallama, mai tafiya ya yi wa na zaune, kaɗan su yi wa masu yawa. Wanda ke sama, wanda ya fi ƙarfi, shi aka ɗora wa fara ladabi. Kakanka Malam bai taɓa wuce majalisar dattawa a kan keke ba. Tun daga nesa zai sauko, ya riƙo kan keken ya turo, a gaisa, sai ya ba su baya da 'yar tazara sannan ya sake hawa.

Shi ne ma ya koya mini abin da nake so in gaya maka, kuma da tsada na saya. Ina ɗan shekara 13 na saci hawan Ralensa, baƙin keken nan da ake gogewa da tsumma duk Juma'a. Ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi, sai na zura ta ƙarƙashin sandar ina tuƙi a karkace. Na shiga lungun bayan gidanmu ina ta kaɗa ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa, ina jin kaina kamar ɗan sarki ranar hawa. Ga wata yarinya a gabana da farantin ƙosai a ka. Ta ji ƙarar a bayanta daf da ita, ta razana, ta yi tsalle zuwa gefen da ni ma na zaɓa. Ni da ita da ƙosai muka haɗu a kwata. Da aka kai ƙara gida na ce, Baba, wallahi na kaɗa mata ƙararrawa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, to ka yi sallama, an ce ka shigo? Sule biyu da sisi aka cire daga kuɗin ɗinkin Sallata aka biya uwar yarinyar, na yi Sallar nan da tsohuwar riga.

Ƙararrawa sallama ce, Nura. Wanda ya yi sallama yana tsayawa a zaure ya jira amsa. In ka kaɗa ta kana mita 5 a bayan mutum da gudun mil 15, ko daƙiƙa ɗaya cikakkiya ba ka ba shi ba, lissafa ka gani. Abin da ya shiga kunnensa shi ne, kauce ko in take ka. Ko ɗan dako a Kurmi da buhu a ka, tun daga nesa yake jefo gafara dai, gafara dai, kuma in tsohuwa ba ta ji ba yana cin birki da ƙafarsa. Ita kuma matar da ka wuce shiru, ka faɗa mata gida ne babu sallamar sam. Da a hankali kake tafe, da ko ka kaɗa ko ka yi gyaran murya ko ka ce barka da safiya da harshensu, duk ɗaya ne, babu mai tanka maka.

Na koma Birmingham a 2022, na ce sai na taka hanyar nan da ƙafata. Wannan karon ni ne tsohon, har da sanda. A nan na gane abin da yaro ba zai gane ba. In kunne ya tsufa, siririyar ƙara ita yake fara yarwa. Ina jin ƙugin jirgin ƙasa da ke bin gefen kanal ɗin sarai, amma ƙararrawar keke sai ta zo mini kamar cokali ya faɗi a gidan maƙwabta, ban san ta dama ba ce ko ta hagu. Kafin in juya wuyan nan da ba ya juyuwa da sauri, wani saurayi cikin matsattsun kaya ya wuce fuu, iskarsa ta kaɗa mini babbar riga. Bai taɓa ni ba. Shi a wajensa babu abin da ya faru, na tabbata ko tunawa ba zai yi ba. Ni kuwa sai da na dafa katanga gabana na dukan uku-uku, ina kallon ruwan nan baƙi ƙirin mai sanyin ƙanƙara, ina tunanin da na matsa taku ɗaya hagu fa. A ramin Edgbaston, inda hanyar ta shige ƙarƙashin ƙasa, tsayawa na yi sai da na ga babu kowa sannan na shiga. Saboda haka dattijonka ba sabon fushi ya sauke maka ba. Na kekuna goma da suka riga ka ne, kai ka zo a kan gaɓa.

Kada ka ce na goyi bayan masu ƙafa ido rufe. Su ma akwai masu ban haushi. Akwai mai kare da igiyar nan mai miƙewa kamar awon tela, shi yana wannan gefe karen yana wancan, igiya ta gitta hanya ba ka ganinta. Akwai waɗanda za su jeru su uku suna hira kamar falon gidansu. Akwai wanda ya toshe kunne da iyafis, ko ganga ka buga ba zai ji ba. Masu fatsa kuma in sun janyo dogayen sandunansu baya, sai su tare hanyar gaba ɗaya. Duk gaskiya ne. Sai dai in mai iyafis ya yi sakaci, kai minti ɗaya ka rasa. In kai ka yi sakaci, ƙugun tsohuwa ne zai karye. Kuma daga baya ba ka iya bambanta wanda ya toshe kunnensa da wanda Allah ya yi kurma.

In abin ya ɓaci kuma ba sa wasa. A 2017 an ɗaure wani matashi wata 18 a Landan bayan ya buge wata mata ta rasu, da keken da ba shi da birkin gaba. A kan titi ne wannan, ba bakin kanal ba. Dokar da aka kama shi da ita ta 1861 ce, wadda aka yi don masu sukuwa da keken doki. Kai da ke zaune da bizar karatu, ko a mafarki ba na so ka kusanci irin wannan.

Abin da zan yi in ni ne kai: in hango mutum tun da sauran mita 20 ko 30, in daina taka feda, in kaɗa sau biyu a hankali. Sai in duba ko ya ba ni alama, ko ya waiwayo, ko ya ja karensa, ko ya matsa. In bai yi ba, in sauko da gudu zuwa nasa, in yi magana da baki. Wajen wucewa in bi ta gefen ruwa in bar masa gefen katanga, don in wani zai jiƙe, ni da na kawo ƙarfen ya kamata in jiƙe. In ce na gode, ko da shi ne ya tare hanya. A ƙarƙashin gada kuwa ƙafa ɗaya a ƙasa, ko in sauka gaba ɗaya, babu wanda ya taɓa mutuwa don ya tura keke taku goma.

Za ka ce, Kawu, ai sai in makara. Daga Selly Oak zuwa Gas Street mil 3 ne ko kusa da haka. Da gudun mil 15 minti 12 ne, da mil 8 kuwa minti 22 da ɗoriya. A kan minti goma ake wannan tashin hankali. Ranar da ka makara da gaske, ga shuɗiyar hanyar keke da aka ware a gefen Bristol Road tun 2019, daga unguwarku har cikin gari, an raba ta da motoci, don masu sauri aka yi ta. Ka bi can ka taka yadda kake so. Bakin ruwa ka bar shi sai ranar da ka fito da wuri.

Dattijon kuwa za ku sake haɗuwa, masu kare ba sa sauya lokaci. Kada ka ɗauke kai. Ka rage gudu ka gaishe shi, in ka ga fuska ka ce karen nan kyakkyawa ne. Ba sai ka taɓa shi ba, na san abin da za ka ce. Bature dai in ka yabi karensa ka gama da shi. Wataƙila ya amsa, wataƙila ya yi gunaguni ya wuce, wannan kuma nasa ne.

Sai roƙo ɗaya. A jikin wasu tsofaffin gadojin, daidai kusurwa, za ka ga ƙarfen da aka kafa don kare bulo, da wasu zurfafan tsagogi a jikinsa kamar an sa zarto. Igiyar dawakin nan ce ta ci shi, jiƙaƙƙiya da yashi, shekara da shekaru. A 2022 na sa yatsana a ɗaya ya shige, amma wayata ta mutu ban ɗauki hoto ba. In ka gani ka tsaya ka ɗauko mini, ina so in nuna wa Hauwa don ta ce ƙari nake yi. Mahaifiyarka kuma ta ce in tambaye ka ko kana sa hular kwano, na ce mata kana sawa, to kada ka mayar da ni maƙaryaci.

Kawunka.